Layin gaggawa: littafin aikin rariyar saƙonni, Damagaram

Litinin, 7 ga Yuli 2025

Na buɗe wannan littafi don kada in manta abin da na taɓa da dalilin taɓa shi, kuma don wanda zai gaji kujerar nan ya san ta inda aka bi. Ƙungiyar da nake wa aiki tana da ƙananan asibitoci uku a wajen gari: ɗaya a gefen Mirya, ɗaya kan hanyar Magarya, ɗaya ta wajen Matamai. Kowanne yana da ɗan ɗakin awon jini da kwamfuta ɗaya mai cin hasken rana. Likita kuwa ɗaya ce, tana nan ofishinmu na cikin Damagaram. Sakamakon awo yana tasowa daga can, ya biyo rezo, wato layin sadarwa, ya faɗo kan allonta. Ita ke cewa a riƙe yaro a can ko a taho da shi, kuma ita ke sa a fara neman jini tun mota ba ta iso ba.

Manhajar da ke jigilar saƙonnin ita ce Mirth Connect, kuma a kan 4.5.2 muke. Shi ne na ƙarshe da aka saki da buɗaɗɗen tushe, domin a watan Maris na bana kamfanin NextGen ya sanar cewa daga 4.6 sai da lasisin kuɗi. Saƙonnin a siffar HL7 suke, wato ƙa'idar rubuta saƙonnin asibiti tsakanin kwamfutoci, layi bayan layi: MSH shi ne kan wasiƙa, PID bayanin majiyyaci, OBR takardar neman awo, OBX sakamakon kansa.

Matsalar ba ta da wuyar faɗi. Kowace mafita a Mirth, wato ƙofar da saƙo ke fita ta cikinta, tana da layin jiranta, kuma wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Ba ruwan layin da abin da ke cikin saƙo. Ran Juma'ar da ta wuce rezo ya ɗauke a asibitin hanyar Magarya tun da hantsi. Da ya dawo bayan la'asar, saƙo fiye da ɗari uku ne a jere: rajistar sabbin zuwa, lissafin magani, hotunan takardu. A tsakiyarsu akwai awon wata yarinya ƴar shekara biyu da jininta ya sauka zuwa 4.1. Kafin layi ya zo kanta rezo ya sake ɗaukewa, sai bayan isha'i ya isa.

Wani zai ce ai sai a buga waya. Ana bugawa, kuma ran nan ma wayar Majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin, ita ce ta ceci lamarin. Amma waya ba kullum take shiga ba, kuma Likita ba ta son neman jini a kan lambar da ta ji rabi-rabi cikin iska. Tana son ta gan ta a rubuce, da rukunin jinin, da lokacin da aka ɗiba. Damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro yana bisa hanya. Dole kafin tsakiyar Agusta saƙon da ke ɗauke da rai ya daina tsayawa bayan lissafin kwalayen magani.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yau ranar kasuwa ce, hanyar Kasuwar Dole ta cushe, sai na zauna ofis na yi karatu.

Na fara duba ko in shigo da RabbitMQ, wata manhajar jera saƙonni, tunda shi ya san fifiko da kansa. Ana ba layi iyakar daraja da x-max-priority tun ranar da aka ƙirƙire shi, saƙo mai babbar lamba ya tsallake na gabansa. A JMS, wani tsarin aika saƙonni, ma haka, daraja daga 0 zuwa 9, wanda ba a sa wa komai ba ya zama 4. Abin sha'awa ne, amma na ajiye shi. Kwamfutocinmu na karkara ƙanana ne, kuma duk manhajar da na ƙara, wata sabuwar hanya ce ta a tashe ni da tsakar dare daga wurin da sai na yi awa biyu a mota kafin in isa. Abin da muke da shi ya isa idan an tsara shi daidai.

Shawarar da na yanke: magudana ɗaya, wato hanyar da saƙo ke bi a cikin Mirth, mafita biyu, kowace da layinta, duka suna zuba a sabar Damagaram, babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonni. A bakin kowace mafita akwai rariya, wato ɗan rubutun umarni na JavaScript da ke duba saƙo ya ce "wuce" ko "ba ta nan ba". Ɗaya layin gaggawa, ɗaya layin yau da kullum. Na sa duka biyun su riƙa shigar da saƙo layi a kowane hali, na kuma cire alamar da ke sa mafita ta biyu ta jira ta farko.

Talata, 15 ga Yuli

Daga ina rariya za ta san gaggawa? HL7 ya tanadi gurbi. A tsofaffin sigogi irin 2.3 da 2.4 yana cikin OBR-27, sashe na shida, daga 2.5 aka mayar da shi TQ1-9. Harufan da suka dame mu uku ne: S na maza-maza, A na da zarar an samu dama, R na yau da kullum. Namu 2.3 ne, saboda haka OBR-27.

Sai dai wannan harafi mutum ne ke sa shi lokacin da yake neman awo, tun bai ga sakamako ba. Yaro yana iya shigowa a bayan uwarsa yana kallon mutane, a sa masa R, na'ura ta fito da lambar da za ta tsinka zuciya. Don haka na je wurin Likita da takarda da biro.

Ta ce, "Malam, rubuta. Yaro ƙasa da shekara 12, idan jini ya kai 5 ko ƙasa. Babba, ƙasa da 7. Mai ciki ma ƙasa da 7. Sukari kuwa, duk wanda ya sauka ƙasa da 2.2."

Waɗannan su ne iyakokin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: jini ana auna shi da giram a desilita, sukari da milimol a lita. Na ƙara da alamun da na'ura ke sawa a OBX-8, wato LL da HH, na ƙasa ƙwarai da na sama ƙwarai.

Shekaru sun ba ni aiki. Ranar haihuwa tana PID-7, amma da yawa daga majiyyatanmu shekara kawai aka sani, wasu an cike musu 1 ga Janairu, wasu gurbin ma fanko ne. Na tambayi Likita me zan yi da wanda ba a san shekarunsa ba. Ba ta ko ɗaga kai daga takardar da take cikewa ba, ta ce a ɗauke shi da awon manya, gara a tashe ta a banza da a bar ta tana barci.

Wani abu kaɗan da ya ci mini rabin yini: saƙo ɗaya yana iya zuwa da OBX goma. Idan ka nemi darajar OBX kai tsaye kamar ɗaya ne, Mirth zai haɗo maka su duka a dunƙule, ba za ka iya kwatanta su da lamba ba. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 26 ga Yuli

Na kafa a asibitin gefen Mirya, tunda shi ya fi kusa. Na zare wayar rezo, muka tara saƙo sittin na gwaji, biyar a ciki na gaggawa, sannan na mayar. Biyar ɗin sun isa Damagaram kafin na goma na ɗaya layin. Mai awo ya yi ta kallon allo yana murmushi. Sauran asibitocin biyu sati mai zuwa in Allah ya yarda.

Laraba, 6 ga Agusta

Yau na yi kuskuren da ya fi kowanne nauyi a wannan aiki, ko in ce yau na gano shi, domin kwana huɗu ke nan yana faruwa.

Likita ta kira ni da safe. Majon asibitin Matamai ya karanta mata littafin ɗakin awo ta waya, akwai awo 41 tun ran Asabar, ita kuwa 38 take gani. Na duba allon Mirth na can: babu kuskure ko ɗaya, babu abin da ke jira a layi. Komai kore shar. Sai da na buɗe ma'ajiyar saƙonni na bi su da ido, na tarar da uku da aka rubuta wa FILTERED a mafita ta farko, aka kuma rubuta musu FILTERED a ta biyu. Rariya biyu sun ƙi su, sun faɗi a tsakani, kuma manhaja ba ta ɗauki wannan laifi ba, domin a wurinta ni na ce a yi haka.

Ga abin da na rubuta. A layin gaggawa:

`return Number(jini) <= 5;`

A layin yau da kullum:

`return Number(jini) > 5;`

A ido, babu lambar da za ta kuɓuce wa waɗannan biyu. Amma an kawo sabon mai awo Matamai, yana karanta lamba daga na'urar HemoCue ya shigar da hannu, kuma yana rubuta ta yadda aka koya wa kowannenmu a lakwal: 4,8 da waƙafi, ba 4.8 da ɗigo ba. JavaScript idan ya ga waƙafi a nan sai ya ce wannan ba lamba ba ce, ya mayar da NaN. Shi kuwa NaN, ka tambaye shi ko ya gaza 5 ya ce a'a, ka tambaye shi ko ya wuce 5 ya ce a'a. Yaron bai yi laifin komai ba. Ni ne na gina abu don Nijar ban tuna yadda ake rubuta lamba a Nijar ba.

Abin da ya ɓoye mini shi ne, a tsarin mafita biyu kowane saƙo dole ɗaya ta ƙi shi, don haka yawan FILTERED bai taɓa ba ni tsoro ba.

Ɗaya daga cikin ukun 4,8 ɗin ne, yaro ɗan shekara uku. Na kira Majo hannuna yana rawa. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Tun kafin awo ya fito na buɗe tafin hannunsa na ga fari fat kamar takarda, na ja fatar idonsa babu ɗigon ja. Ban jira kowa ba, na sa shi mota." An ƙara wa yaron jini, yana samun sauƙi. Alhamdu lillahi. Na daɗe zaune bayan na ajiye waya.

Gyaran da na yi kafin in tashi daga kujerar ya fi sauya waƙafi zuwa ɗigo, ko da yake na yi wannan ma. Na cire hukunci daga bakin mafita biyu na mayar da shi wuri ɗaya, a mashiga, inda ake sauya siffar saƙo. A nan ake yanke daraja sau ɗaya tak a ajiye ta a channelMap, ɗan aljihun da ke tafiya tare da saƙon. Rariyar farko tana tambaya, "Gaggawa ne?" Ta biyu tana karɓar duk abin da ba gaggawa ba, ko mene ne shi. Yanzu babu tsakani. Kuma duk darajar da rubutun ya kasa karantawa, ko ya tarar da gurbi fanko inda ya kamata a ga lamba, layin gaggawa za ta bi da alama a kanta, mutum ya duba da idonsa. Na sake tura saƙonnin uku daga ma'ajiya, sun isa.

Juma'a, 8 ga Agusta

Tsoron ran Laraba ya sa na bi ma'aunai ɗaya-ɗaya, kuma na sami wani ramin tun ba a faɗa ba. Ɗakunan awo na ƙasashen da suka gaji Faransanci sun saba rubuta sukari da giram a lita. Iyakar 2.2 milimol daidai take da 0.40 giram a lita. Ke nan lafiyayyen mutum mai 0.95 sai rubutuna ya ɗauke shi wanda ke bakin suma, tunda 0.95 bai kai 2.2 ba. Jini kuma akasin haka: na'urar da ke ba da giram a lita za ta rubuta 48, rubutun ya ga babbar lamba ya bar ta a layin baya, alhali 4.8 ce. Yanzu sai an karanta OBX-6, gurbin ma'auni, kafin a kwatanta komai. Ma'aunin da ba ya cikin jerina, gaggawa.

Na kuma ƙara lissafin dare: abin da ya shigo dole ya yi daidai da abin da ya fita, da wanda ke jira, da wanda ya yi kuskure. Idan an sami gibi ko na ɗaya ne, saƙo ya zo wayata.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na je Mirya, ranar kasuwarsu, motoci da amalanke har bakin asibiti. An yi ruwa da dare, tsakar gidan duk taɓo, iyaye mata sun jeru a barandar da yara a cinya. Lokacin ya zo.

Matsalar yau ta tsari ce. Tunda na raba layi biyu, na karya jerin da saƙonni ke bi. Sakamakon gaggawa yana isa Damagaram kafin saƙon rajistar mai shi, wanda ke can baya a layin yau da kullum. Sabar ta duba ba ta san wannan majiyyaci ba, ta mayar da amsar ƙi. Saƙon ya tsaya a kan layi yana sake gwadawa kowane daƙiƙa goma, na bayansa duk suna jira. Layin gaggawa ya zama layin da ya fi kowanne tsayuwa. Na gyara daga ɓangaren Damagaram: sakamakon yana ɗauke da PID a cikinsa, don haka sabar ta buɗe fayil na wucin gadi da shi, idan rajista ta iso a haɗe su.

Akwai zaɓin juya layi a Mirth, wanda ke mayar da saƙon da ya ƙi tafiya baya a gwada na gaba. Ban kunna shi ba, saboda yana ƙara dagula jeri. Abin da na yi, a rubutun da ke karanta amsar sabar: idan rezo ne ya yanke, saƙo ya zauna a layi, idan sabar ce ta amsa da AR ko AE, wato ta gani ta ƙi, a fitar da shi gefe a matsayin kuskure, a sanar da ni da Likita nan take, layi ya ci gaba.

Ɗaya matsalar ta fi wannan dabara, kuma mai awo na Mirya ne ya hango ta. Ya ce, "Yaya, idan na rubuta 4.8 bisa kuskure, sannan na gyara zuwa 8.4, gyaran ta wane layi zai bi?" Na yi shiru. Ta layin baya zai bi, tunda 8.4 ba gaggawa ba ce. Likita za ta tayar da mota da neman jini a kan lambar da an riga an janye. Idan kuma aka juya, 8.4 ta farko tana jira a baya, gyaran 4.8 ya riga ta isa, daga baya tsohuwar ta iso ta hau kansa ta shafe shi.

Gyara biyu. Na farko, duk samfurin da ya taɓa bin layin gaggawa, sauran saƙonninsa ma nan za su bi. Ina gane shi da lambar da ke OBR-3. Da na so in ajiye lambobin a globalMap, sai na tuna yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ne, batiri na mutuwa ya tafi da shi. Na buɗe ɗan tebur a rumbun bayanai na PostgreSQL. Duk saƙon da OBX-11 ɗinsa ya nuna C, alamar gyara, shi ma gaggawa ne ko mece ce lambarsa. Na biyu, sabar Damagaram ba za ta bar sakamako ya hau wanda ya fi shi sabunta ba, tana kwatanta lokacin da ke OBR-22. Wannan ya dogara da agogo, kuma da na duba agogon kwamfutar Mirya na tarar yana baya da minti goma sha ɗaya. Ɗan batirin cikin allon uwa ya mutu. Na sayo uku a gari da na dawo, kowane asibiti ɗaya.

Talata, 2 ga Satumba

Likita ta nuna mini allonta jiya da yamma. Daga asibitin hanyar Magarya kusan komai ja ne. Awon fitsari S, awon ciki S, har awon da ake yi wa mai zuwa karɓar magani na wata-wata S. Idan kowa na gaggawa ne, mun koma inda muka fito.

Na zo mata da shawara a shirye: rubutun ya riƙa sauke S zuwa R idan lambobin sun fito lafiya. Layi uku ne kawai na umarni, da na gama kafin magariba.

Ta ce, "A'a, Malam. Rubutunka ya ɗaga daraja, wannan na yarda. Amma kada ya sauke abin da Majo ya ɗaga. Shi ne yaro ke gabansa. Yaron da ke fizge-fizge, ko wanda ya kasa shan nono, jininsa yana iya fitowa 9. Na'urarka lamba take gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Je ka tambaye shi me ya sa."

Yau na je. Hanya ta ci ruwa, mun yi kusan awa uku. Majon dattijo ne, ya girme ni nesa, ya kusa ritaya. Bayan mun gaisa ya sa aka kawo mini fura, na tambaye shi cikin ladabi.

Ya ce, "Ɗana, ba wasa nake da aikinku ba. Da can idan na aika awo da safe, in rezo ya yi kirki, kafin azahar Likita ta gani. Tunda ka kawo layinka biyu, abin da na sa wa R sai gobe, wani lokaci jibi. Matar da ta taso daga ƙauye da ƙafa, zan ce mata ta kwana biyu a baranda tana jiran amsa? Sai na sa S."

Gaskiyarsa. Na buɗe kwamfutar a gabansa na ga abin da ya faru. A tsakiyar Agusta na ƙara wata ƴar magudana mai gadi, tana leƙawa kowane daƙiƙa goma sha biyar da ChannelUtil, kayan aikin Mirth na duba layi da tsayar da mafita: idan akwai ko saƙo ɗaya a layin gaggawa, ta tsayar da mafitar yau da kullum, don kada su yi rububin siririn rezon. A Mirya hakan ya yi kyau. A nan kuwa rezo na zuwa ne minti biyar ya tafi, kuma a wannan wata layin gaggawa ba ya taɓa zama fanko. Layin baya ya yi ta jira. Da ya samu ya buɗe kuma, sai hoton takarda ya tare bakin. Hotuna suna tafiya a cikin saƙo da siffar base64, wadda ke ƙara musu kashi ɗaya bisa uku na nauyi, hoto guda ya fi sakamako ɗari. Da ya ga haka ya ƙara S, S ta ƙara cika layin gaba, layin baya ya ƙara mutuwa. Ni na ɗaura wannan igiya.

Na kwana can. Da dare, da fitilar waya da ƙarar kwaɗi daga tafkin bayan asibiti, na sake tsarin zuwa layi uku. Na gaggawa yana nan yadda yake. Na tsakiya na sakamako da rajista ne zalla, rubutu marar nauyi, kuma mai gadi ba ya tsayar da shi fiye da minti biyu a jere. Bayan haka dole ya buɗe masa ko da akwai na gaggawa. Na uku na kaya masu nauyi ne, hotuna da lissafin magani da rahoton wata, ba ya tashi sai daga ƙarfe goma sha ɗaya na dare zuwa asuba, ko idan sauran biyun fanko suke. Na ukun shi ne kuma mai karɓar duk abin da biyun farko ba su ɗauka ba, darasin 6 ga Agusta. Ban taɓa S ɗin Majo ba.

Da asuba bayan mun fito masallaci na ce masa, "Baba, ka gwada ni kwana uku. Ka sa R inda R ta dace, idan bai isa kafin azahar ba ka kira ni, ka koma yadda kake yi." Ya ce to.

Litinin, 15 ga Satumba

Bai kira ba. Allon Likita ya koma yadda ya kamata, ja jefi-jefi a cikin fari. Ta ce yanzu idan ta ga S daga wurinsa tana ajiye abin da ke hannunta.

An sami sakamako biyu da suka fito sau biyu-biyu. Saƙo ya isa, amsar karɓa ta ɓace a hanya, Mirth ya ɗauka bai isa ba ya sake turawa. Haka ya kamata ya yi. Sabar yanzu tana riƙe lambar MSH-10 tare da sunan asibitin da ya aiko, idan ta sake ganin irinta ta amsa da AA, wato ta karɓa, ba tare da ta sake rubutawa ba.

Na mayar da layi uku Mirya da Matamai.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ruwa ya ja baya, gero ya nuna, amma baranda ba ta ragu ba tukuna. Majon Matamai ya ce sai an kwana biyu da ɗauke ruwa zazzaɓin ke saki.

Wannan sati na zauna na rubuta bayani a kan kowane sashe na rubutun, da Hausa da Faransanci, har da dalilin kowace iyaka da wanda ya yanke ta. Iyakokin kansu na fitar da su daga cikin umarni na sa su a tebur, da gurbin kwanan wata da sa hannun Likita, don ranar da za ta sauya 7 zuwa wata lamba kada sai an nemo ni. A saman fayil ɗin na rubuta ƙa'idoji uku da manyan baƙaƙe: ba a zubar da saƙo, ba a sauke darajar da ma'aikacin lafiya ya sa, abin da ba a gane ba ya bi layin gaba.

Saura abu biyu. Idan rezon intanet ya ɗauke gaba ɗaya, layin gaggawa ma zaune yake, alhali sau da yawa gajeren saƙon waya yana fita. Ina da ƙaramin modem mai ɗaukar layin waya a aljihun tebur. Nufina idan saƙon gaggawa ya yi minti goma a layi, a tura wa Likita lambar samfur da sakamako kawai, babu suna, tunda saƙon waya ba a rufe yake ba. Ta yarda, da sharaɗin lambar asibiti ta fito a farko.

Na biyu, Likita ta ce kafin sanyi ya wuce a shiga watannin zafi da ƙura, lokacin sanƙarau, tana son duk awon ruwan ƙashin baya ya bi layin gaggawa ba tare da an duba lamba ba. Wannan yana buƙatar lambobin awon su zama iri ɗaya a asibitoci uku, kuma na duba na ga Matamai suna rubuta shi da wata gajeriyar kalma dabam. Ran Litinin zan tafi can da modem ɗin da jerin lambobin, mu zauna da mai awo mu daidaita su.